Ƙwayar da aka ba Judy Garland don ta ƙara aiki

'Yan uwana matasa, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin wata baiwar Allah. Sunanta na yanka Frances Gumm, an haife ta a jihar Minnesota ta Amurka a 1922, amma duniya ta fi saninta da Judy Garland. Tun ba ta kai shekara uku ba take hawa dandamali tana waƙa tare da yayyenta mata biyu. Allah Ya yi mata baiwar murya. Tana 'yar shekara 13 kamfanin fim na MGM ya ɗauke ta, a 1939 kuma ta fito a The Wizard of Oz, sunanta ya zagaye duniya.

Masu kallo murmushinta kawai suke gani. A cikin kamfanin kuwa manya sun ce ta cika jiki, aka sa wa abincinta ido, yarinyar da ko gama girma ba ta yi ba. Ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa ita da abokan aikinta ana ba su ƙwayar hana barci don su jure tsayuwa gaban kyamara, in sun gama a ba su ta barci, bayan 'yan awoyi a tashe su a sake ba su ta farko. Ba da 'yan iskan unguwa ta fara ba. Waɗanda ke cin ribar guminta su suka miƙa mata.

Wannan ne ke hana ni sukuni. Na ga leburan gini, yaro ɗanye shakaf, ya ɓare tiramol guda biyu ya kora da shayi da sassafe, wai don ya ɗauki bulo har la'asar bai ji a jikinsa ba. Da na yi masa magana sai ya ce, “Yaya, ai ba don maye nake sha ba, aiki ne.” Ƙanina, ita ma aiki ne. Gajiyar da ka danne yau tana nan tana jiranka, kuma biyun da suka ishe ka bana ba za su ishe ka baɗi ba. In jikinka ya ce ya gaji, ka sauke kaya ka huta, ko da kuɗin ranar zai ragu. In kuwa ka riga ka yi nisa, ka je asibiti ka faɗa wa likita gaskiya, kunyar yini ɗaya ce.

A 1950, bayan shekara 15 tana yi musu bauta, MGM suka sallame ta saboda yawan makara da fashin aiki. Shekarunta 28 a lokacin. Ta yunƙura ta tashi, ta yi fim ɗin A Star Is Born a 1954, ta cika zauren Carnegie na New York da jama'a a 1961. Amma ƙwaya ba ta sake ta ba, ga bashin haraji ya yi mata katutu, ga aure har sau biyar.

Ranar 22 ga Yuni 1969 mijinta ya tarar da gawarta a banɗaki, a gidan da suke haya a Landan. Bincike ya nuna ƙwayar barci ce ta yi mata yawa, ba da niyya ba. Ta rasu tana da shekara 47, ta bar 'ya'ya uku.