Yaronka da dare yake girma, ka bar shi ya yi barci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na tsaya kan ƙaramin ɗana yana barci, baki a buɗe, ƙafa ɗaya ta fito daga bargo, wandon da na saya masa bara har ya ɗage masa sama da idon sawu. Sai na ce Subhanallah, yaushe wannan tsawon ya shigo ban gani ba?

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwarmu akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira fituwitari, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ita ke fitar da sinadarin girma. Kuma ba ta zuba shi kamar famfo, kaɗan-kaɗan take sakowa lokaci zuwa lokaci, mafi yawansa a barcin nan mai nauyi na farkon dare, sai hanta ta karɓi saƙon ta fitar da nata sinadarin da ke miƙar da ƙashi. To wa ke ba ta umarni? Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke samanta, haifotalamus, kuma cikin masu zuga shi akwai sinadarin dofamin, eh wannan dofamin ɗin da ake ta cewa na jin daɗi ne kawai. Wallahi aikinsa ya fi haka. A jikin mai lafiya yana sa a ƙara sakin sinadarin girma, shi ya sa likitoci suka daɗe suna ba yaron da bai girma ba maganin da ke komawa dofamin, su ɗebi jini su ga ko fituwitarinsa ta amsa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne, mai ciwon akromegali, wanda ƙari ya fito masa a fituwitari har hannuwa da haɓa suke ta girma zobe ya daina shiga yatsa, shi in an ba shi magani mai aiki irin na dofamin, kamar kabagolin, a wasunsu sinadarin girman sauka yake yi. Abu ɗaya, a wannan jikin ya ɗaga a wancan ya sauke! Allah Ya ce Ya halicci komai da gwargwado, Suratul Ƙamar aya ta 49. Robert Wadlow na Amurka da ma'aunin ya kuɓuce masa ya kai mita 2.72, ya rasu a 1940 yana ɗan shekara 22.

Mu kuma mun miƙa wa yara waya har ƙarfe ɗayan dare, mu ma muna gefe muna latsa tamu. Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin hira bayan Isha'i. Don Allah iyaye a karɓe wayar, a kashe fitila, a tofa musu addu'a su kwanta. In kuma kin ga ɗanki ƙannensa suna ta wuce shi a tsawo, kar ki ce gado ne ki yi shiru, kar kuma ki sayo allurar ƙara tsawo a intanet, ki kai shi asibiti a auna tun ƙashinsa bai daina ƙara tsawo ba.