Wanda ya kama ni shi ya saurari ƙarata

Daren Juma'ar da ta wuce na yi minti 45 a kurkuku. Kada wani ya kira gidanmu, kurkukun Bolingbroke nake nufi, na cikin wasan kwamfuta na GTA V, wanda ke can hanyar hamada idan ka bar Los Santos ka yi arewa. Ina zaune kan tabarma a ɗakina, datata na ƙonewa, ina kallon ɗan mutumina yana zagaye filin gidan yari ba aikin fari ba na baƙi. Tun daga ranar maganar take cina, kuma tun da matata ta ce ta gaji da jin labarin 'yan sandan ƙarya, ku zan ɗora wa.

Ga waɗanda ba su san harkar ba: GTA V ya fito ne a 2013, amma abin da muke bugawa ba shi ne wanda ke cikin kwali ba. Akwai wata manhaja, FiveM, da ke ba mutum damar buɗe sabarsa, wato kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta ta intanet, ya kafa garinsa da dokokinsa. Abin ya yi ƙarfin da kamfanin Rockstar mai GTA, wanda a da bai ƙaunar ganinta, ya sayi masu yin ta a watan Agustan 2023. A irin wannan gari kowa yana da rawar da yake takawa. Wani makanike ne, wani likita a asibitin Pillbox, wani lauya, wani ɗan fashi. Ɗan sandan da ya tsayar da kai a titi ma mutum ne kamarka, yana zaune a ɗakinsa a Jamus ko Ingila ko Masar da abin magana a bakinsa. Ni direban tasi ne. Shekara guda ke nan ina tuƙa wannan tasin, ko jan fitila ban cika tsallakewa ba.

A daren, na ɗauki fasinja a Legion Square. Ashe bawan Allah ya fito ne daga fashin bankin Fleeca. Ba mu yi nisa ba motoci uku suka rufe mu da jiniya. Na tsaya, na fito, na ɗaga hannu kamar yadda doka ta ce. Ina cikin bayani sai aka ɗauke wuta. Kwamfutata na da batir, amma na'urar intanet ɗin ba ta da shi. Kafin in kunna na wayata in koma, minti shida sun wuce. Na dawo na tarar an rubuta mini laifi biyu: taimakon ɗan fashi, da kashe wasa don gudun kamu. Na biyun ya fi muni, domin shi ba laifin cikin labari ba ne, laifi ne ga sabar kanta, kuma ana korar mutum a kansa.

Na ce to, akwai inda ake kai ƙara. Na shiga Discord, manhajar da 'yan sabar ke hira a cikinta, na buɗe ƙorafi, na jira. Admin, wato mai kula da sabar, ya ja ni ɗakin magana, ya yi gaisuwa, ina jin muryar na san na shiga uku. Sajan ɗin da ya sa mini ankwa ne. Ya saurare ni cikin ladabi, wallahi ban ƙara masa ko kalma ba, sannan ya ce ya duba lamarin kuma jami'in da ya yi kamun bai yi kuskure ba.

Duk wanda ya buga ƙwallon unguwa ya san wannan. Yaron da ya zo da ƙwallo shi ne ɗan wasa, shi ne alƙalin wasa, kuma idan gardama ta yi zafi ya ɗauki abinsa ya tafi gida. Da muna yara mukan haƙura saboda ƙwallon ɗaya ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mini wannan tsari adalci ne.

Kada a fahimce ni baibai. Ba na cikin masu cewa a cire 'yan wasa daga aikin ɗan sanda a mayar wa kwamfuta. Na san 'yan sandan kwamfuta. A GTA na asali ka bangaji motarsu da kuskure, taurarin da ke nuna ana nemanka su fara hawa, ba mai tambayarka me ya faru. A EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya wanda kamfanin CCP na ƙasar Iceland ya fitar a 2003, akwai rundunar CONCORD. Duk wanda ya kai hari ba bisa ƙa'ida ba a yankin da ke da tsaro sai sun tarwatsa jirginsa, ko shi wane ne, ba sani ba sabo. Ka ce adalci ya kai nan. Amma 'yan wasa suka zauna da lissafi: idan jirgin da zan rasa mai arha ne, kayan da ke cikin naka kuma masu tsada, sai in harbe ka kafin su iso, abokina ya kwashe ganima. Hukunci ya tabbata, kai kuma an riga an gama da kai. Na'ura ba ta son kai, amma ba za ka iya ce mata an ɗauke wuta ba. Duk daɗin wasan da muke yi yana cikin cewa wanda ya tsayar da kai zai iya jin uzurinka, ya yi dariya, ya ce ka tafi kada ka sake. Sabobi da yawa ma ba sa bari a fara fashin banki sai akwai adadin 'yan sanda a bakin aiki, don ɓarawon da ba mai binsa ba wasa yake yi ba, tara kuɗi kawai yake yi.

Barin mutane su yi wa kansu hukunci ba tare da tsari ba shi ma an gwada. Wasan Ultima Online ya fito a 1997 da wannan burin: wanda ya yawaita kisa sunansa ya koma ja, a sa lada a kansa, mutanen kirki su farauto shi. Sai makasa suka gano dabara, abokinka ya kashe ka ya karɓo ladan ku raba. Sababbin 'yan wasa suka riƙa gudu saboda ba sa iya fita bayan gari su sari itace lafiya. A shekarar 2000 kamfanin ya haƙura ya raba duniyar biyu, Trammel inda ba a taɓa ka sai da yardarka, da Felucca inda ƙarfinka ya ƙwace ka. Yawancin mutane suka kwashe kayansu suka koma Trammel.

To ina matsalar take? A ganina zalunci iri biyu ne a wannan wasa, kuma haɗa su da ake yi shi ke ɓata komai. Akwai zaluncin cikin labari. Mutum ya zaɓi ya taka rawar ɗan sanda mai cin hanci, ya tsayar da tasina ya ce sai na ba shi na goro, ya jefa mini ƙunshin ƙwaya a but. Wannan ina so. Zan nemi lauya, zan kai shi gaban alƙali, zan yi wata guda ina haɗa masa tarko, ranar da aka tuɓe masa kaki a ofishin 'yan sanda na Mission Row mu duka biyu za mu ji daɗin labarin da muka gina. Sai kuma zaluncin da ke fitowa daga mutumin da ke bayan allo: yana jin haushinka tun wata gardama a Discord, ko ɗan fashin abokinsa ne kai kuma baƙo, ko kawai ba ya son ya sha kaye a daren. Shi wannan ba lauyan cikin wasa da zai warware shi. Wurin admin ake kai shi. Idan kuma admin ɗin shi ne mai kakin, an ba kura ajiyar nama.

Laifi tudu ne, bari in sauko daga nawa. Na taɓa yin wata uku ina ɗan sanda a wata saba kafin wannan. Akwai wani yaro da ya yi mini dariyar Turancina a gaban mutane. Bayan kwana biyu na gan shi ya wuce da gudun da ya ɗan haura ƙa'ida, irin wanda nake kawar da kai a kansa sau ashirin a dare. Na bi shi. Na rubuta gudu, na rubuta gilas mai duhu, na rubuta rashin tsayawa da wuri, da ya buɗe baki na ƙara da raina jami'i. Na sa aka janye motarsa. Kowane layi da na rubuta yana cikin kundin dokokin sabar, ko wa ya duba rahoton zai ce aiki ya yi kyau. Ni kaɗai na san dalilin da ya sa shi ne ba wani ba. A nan na gane cewa ikon ɗan sanda ba a cikin doka yake ba, yana cikin zaɓen wanda za a karanta wa ita. Ban taɓa ba yaron nan haƙuri ba, ya bar sabar kafin hankalina ya dawo.

Kuma a lura da abin da kowa ke sawa a caca. A yawancin sabobi idan aka ce an yanke maka wata 45, minti 45 ake nufi, amma minti ne na gaske. Wanda ya taso daga aiki yana da awa biyu kafin barci, an cinye masa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ɗan fashi idan ya faɗi ya rasa bindigar da ya yi mako yana tara kuɗinta, ga tara, ga zaman kaso. Ɗan sanda idan ya faɗi, likita ya tashe shi, ya koma ofis ya ɗauki wata bindiga da wata mota, albashinsa na shiga. Wanda ba ya asarar komai bai kamata ya zama mai zafin neman nasara ba, amma sau da yawa shi ne.

Mu da ke bugawa daga nan kuma muna da ƙarin kaya a ka. Sabobin suna Turai ko Amurka, saƙonmu kan makara kafin ya isa, sai jami'i ya ga kamar ka ƙi tsayawa alhali a allonka ka daɗe da taka birki. Dokar kashe wasa an rubuta ta ne a inda wuta ba ta tafiya, don haka duk wanda ya ɓace ana cikin kamu maƙaryaci ne har sai ya kawo hujja. Sannan ga harshe. A bakin titi ana yanke rabin shari'a da iya magana, dokin mai baki ya fi gudu. Na sha ganin wanda ya yi harbi ya tsira da zaƙin baki, wanda ya tsaya neman kalma ya tafi Bolingbroke.

Duk da haka ina tausayin masu kakin. Ba a biyansu ko sisi. Mutum ya yi awa huɗu ana harbinsa, ana zaginsa, sannan ya zauna rubuta rahoto kamar ma'aikacin gwamnati. A manyan sabobi irin NoPixel, inda mashahurai ke watsa wasansu kai tsaye a Twitch, jami'in da ya kama wani mai dubban masu kallo ya san abin da zai tarar a akwatin saƙonsa. Ƙananan sabobi kuma hannu ne ba su da shi: mutum goma da suka fi kowa zama su ne admin, su ne manyan 'yan sanda, ɗayansu ne ke biyan kuɗin sabar duk wata. Ba mugunta ce ta haɗa muƙaman ba, ƙarancin mutane ne. Na yarda. Amma ko mutum biyu ne kacal, ɗaya zai iya cewa wannan ƙarar ni aka kawo, kai duba ta. Wannan ba ya cin kuɗi.

Wasu za su ce a kafa masu taimaka wa alƙali daga cikin 'yan wasa. ArcheAge, wasan Koriya ta Kudu na 2013, ya yi haka: ka sace amfanin gonar wani ko ka yi kisa, sawunka ko jini ya rage a wurin, mutane su kai rahoto, idan laifi ya taru a gurfanar da kai gaban 'yan wasa biyar su yanke maka zaman kaso. Abin sha'awa ne ƙwarai, sai dai biyar ɗin suna ganin sunanka da ƙungiyarka, don haka ɗan gida ya fita ba laifi, abokin gaba ya sha mafi tsawo. Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda kamfanin Valve ya kawo a wasan Counter-Strike a 2013: a tura wa gogaggun 'yan wasa bidiyon wanda ake zargi da maguɗi bayan an goge sunansa, su yi hukunci kan abin da idonsu ya gani kawai. A wasan da murya ce komai ba za a iya ɓoye mutum gaba ɗaya ba, amma a ƙalla mai duba bidiyon ya zama ba ya cikin bidiyon.

An bar mini gargaɗi ɗaya a kan sunana, wai na biyu kora ce ta kwana uku. Na sayi ɗan batir na haɗa wa na'urar intanet, kuma yanzu ba na shiga gari sai na kunna ɗaukar bidiyo.

Jiya da dare wani ya tsayar da ni a gaban asibitin Pillbox, farar hula, da jaka a hannu. Yana cewa Paleto Bay na gane muryar, sajan ne ya shigo da wani mutumin nasa na daban. Akwai babbar hanya da ke kai mutum can kai tsaye. Na kunna mita, na bi da shi ta Sandy Shores, na zaga ta ƙauyukan bayan tafki, har na tsaya shan mai alhali tankina a cike yake. Ya biya bai ce komai ba.