Tsohon sojan da ke cikin gidanku amana ne

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

An tambayi Manzon Allah (SAW) wane ne mafi alheri cikin mutane, ya ce wanda rayuwarsa ta yi tsawo kuma aikinsa ya yi kyau. Tirmizi ya ruwaito shi. A nan Sakkwato akwai gidajen da Allah Ya bar musu irin wannan dattijo: ya shiga soja yana saurayi lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya dawo ya yi aure, ya ciyar, ya aurar, yau ya doshi tamanin ko ya haura. 'Yan Bama, wato sojojinmu da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗannan ne suka rage mana.

Ku sauƙaƙa masa ibada. In tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, in zaman ya gagara ya yi a kan gefensa, kamar yadda hadisin Imrana ɗan Husaini ya zo a Buhari. Da hunturu a ɗumama masa ruwan alwala, a ajiye dutsen taimama kusa da shimfiɗarsa. In azumi ya fi ƙarfinsa ya sha, kuma Risala ta ce an so ya ciyar da mudu ɗaya kowace rana. Mudun Annabi ake nufi, cikin tafin hannu biyu, ba mudun kasuwa ba.

Ruwa shi ne inda aka fi sakaci. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ga zafin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40. Kada ku jira ya nema, ku miƙa masa kofi bayan kowace salla da wajen cin abinci. In fitsarinsa ya yi duhu, ya fara magana a ruɗe, a kai shi asibiti, kada a ce ai tsufa ne. Wanda ya kwanta jinya kuwa a riƙa juya shi duk awa 2, a duba ƙugu da diddige, don jan tabon da bai gushe ba shi ke zama gyambo.

Wasunsu har yau suna firgita cikin barci, ko in sun ji ƙara kamar ta bindiga a wajen biki. Kada a tashe shi da girgiza. A tsaya ɗan nesa, a ce "Baba" a hankali har ya farka. In ya maimaita labarin fagen fama karo na goma, a saurara. Ayar Suratul Isra'i da ta hana ce wa iyaye "uf" ta haɗa da wannan tsakin da muke yi, wallahi abin yana da ciwo.

Sai fansho. A adana takardarsa ta sallama da lambarsa ta soja, a yi musu kwafi, domin ranar tantancewa za a nema. Ɗan da ke riƙe da katin banki ya sani kuɗin na Baba ne. Ko naira ɗaya za a taɓa, sai da izininsa, a kuma gaya masa abin da ya shigo da abin da ya saura.