Izinin zama a ƙasar waje: tsakanin Kano, Saudiyya da Jamus

Mafi yawan matasan Kano da ke tuntuɓata a kan zama a Jamus, inda nake aiki, tambaya ɗaya suke yi, wato wa za su samu ya yi musu hanya. Ban ga laifinsu ba, domin a garin da muka tashi da mutum ake shiga ko'ina, kuma da mutum baƙo yake samun wurin zama. Sai dai a ganina wannan ɗabi'a, wadda ta yi wa Kano rana shekaru aru-aru, ita ce take miƙa 'ya'yanmu hannun 'yan damfara idan aka zo maganar takardar izinin zama a ƙasar da ba ta san kowa ba sai abin da ke rubuce.

Tun zamanin fatauci, idan ayarin goro ya iso daga Gwanja, ko Larabawan Tarabulus suka keto sahara da kayansu, gidan fatoma suke sauka. Shi zai adana hajarsu, ya nemo musu masu saye a kasuwar Kurmi, kuma idan rigima ta taso shi za a nema, domin shi ya tsaya musu. Da haka baƙi suka kafa Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi, har jikokinsu suka zama 'yan gari ba tare da wani ya cike fom ba. Ko a yau, wanda ya kama haya a cikin birni abin da mai unguwa zai fara tambaya shi ne wa ya san shi. Gaskiya ne Nijeriya ma tana da katin izinin zama da Hukumar Shige da Fice ke bai wa baƙi, ana biyansa da dala kuma ana sabuntawa, amma Bakano bai taɓa bin wannan layi ba, saboda haka bai san zafinsa ba. Maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma kuwa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su damar shigowa su yi kwana 90 babu biza. Mun kuma manta cewa ranar da hukuma ta waiwayi takarda, sanayya ba ta ceci kowa ba: a 1969 Gana ta kori baƙi marasa izini, har da Hausawan zango, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, mafi yawan waɗanda abin ya shafa 'yan Gana ne.

Zaman waje da Kanawa suka fi sani shi ne na Saudiyya, kuma shi ya ƙara dasa mana tunanin cewa izinin zama a hannun mutum yake. A can igamar ma'aikaci, wato takardar izinin zamansa, tana rataye ne a wuyan kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, shi ke nema masa, shi ke sabuntawa, kuma idan ya kai rahoton cewa ma'aikacin ya gudu, zamansa ya haramta ko da shi aka zalunta. A 2021 an sassauta tsarin yadda wasu ma'aikata za su iya sauya wurin aiki, amma sassaucin bai haɗa da masu aikatau a gidaje ba, alhali nan ne matanmu suka fi yawa. Wasu kuma da bizar Umara suke shiga su maƙale, su yi shekaru suna ɓuya, ba su iya zuwa asibiti cikin kwanciyar hankali, har ranar da za a kwaso su a jirgi a sauke a filin Malam Aminu Kano. Kafili ya yi kama da fatoma a ido, amma fatoma yana jin kunyar gari kuma yana tsoron kada fatake su sauya masauki, shi kuwa kafili doka ta ɗora shi a kan wanda ba shi da inda zai kai kuka cikin sauƙi.

A Jamus dalili ne ke riƙe da mutum. Ana ba da izinin zama na wucin gadi ne saboda karatu, ko koyon sana'a, ko aiki, ko bin miji ko mata, kuma idan dalilin ya gushe izinin yana iya binsa. Bizar ziyara ta kwana 90 cikin kwana 180 galibi ba ta rikiɗewa ta zama izinin zama, don haka duk ejan da ya ce wa yaro ya shiga da ita tukuna daga baya a gyara, ya cuce shi. Tun daga Nijeriya ake neman bizar dogon zama, a bisa dalilin da mutum zai zauna. Idan ya sauka, cikin mako biyu zai yi rajistar adireshinsa a ofishin gari da takardar shaida daga mai gidan haya, sannan ya nemi ganawa da ofishin kula da baƙi, ya kai fasfo da shaidar inshorar lafiya da shaidar abin da zai ci. Ga ɗalibi, shaidar da aka fi karɓa ita ce asusun banki da ake kullewa, wanda daga 2024 ake zuba masa Yuro 11,904 na shekara guda, ana sakar masa Yuro 992 duk wata. Wanda ya juya wannan kuɗi zuwa naira zai gane dalilin da ya sa ɗan talaka sai ya samu tallafin karatu kafin ya fara wannan mafarki.

Amma ba kuɗi ne kaɗai ke kayar da mu ba, takardunmu ma suna kayar da mu, kuma nan ne na fi so iyaye su tsaya su duba. Bahaushe ba shi da sunan dangi da ake gada kamar Bature. Yaro zai shiga firamare da sunan mahaifinsa, a sakandare a ƙara masa sunan unguwa, ya zama Yakasai ko Gwammaja, a jami'a kuma sunan kaka ya shigo. A takardar WAEC an rubuta Mohammed, a shaidar digiri Muhammad, a lambar NIN Muhammed. Ranar haihuwa kuwa, da yawanmu 1 ga Janairu aka yanka mana, wasu kuma an rage musu shekara biyu a takardar rantsuwa ta kotu domin aikin gwamnati. A Kano duk wannan ba komai ba ne, tunda kowa ya san ɗan gidan wane ne. Jami'in da ke zaune a Jamus kuwa mutum uku yake gani a gabansa. Daɗin daɗawa, hukumomin Jamus ba sa wadatuwa da hatimin takardun haihuwa da na aure daga Nijeriya, sukan sa a bincika sahihancinsu a inda aka bayar da su, binciken yakan ci watanni, kuma mai nema ne zai biya. Ba a fafe gora ranar tafiya: uban da ya karɓar wa ɗansa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya tun yana jariri, ya kuma tsare rubutun suna iri ɗaya daga firamare har jami'a, ya yi masa abin da babu ejan da zai iya yi masa.

Ba na cewa tsarin yana da daɗi. Samun ranar ganawa a manyan birane yakan ɗauki watanni, wasiƙun da Jamusanci mai nauyi suke zuwa, kuma babu wani dattijo da za a tura ya ba da baki. Wanda ya saba a ce masa "ka bari zan yi magana da wane" zai ji kaɗaici ƙwarai. Duk da haka, idan aka ba ni zaɓi tsakaninsa da kafili, shi zan ɗauka, domin dokar da ba ta jin roƙo ita ce kuma ba ta bari wani ya riƙe fasfona. Wanda ya miƙa buƙatar sabuntawa kafin izininsa ya ƙare, zamansa halal ne har a yanke hukunci, kuma ana ba shi takardar wucin gadi da ke shaida haka. Idan an hana shi, a rubuce za a faɗi dalili, yana kuma da damar zuwa kotu. Ɗalibin da ya kammala karatu yana samun wata 18 na neman aiki. Bayan shekara biyar, wanda ya biya kuɗin fansho na wata 60 kuma ya iya Jamusanci daidai gwargwado yana iya neman izinin dindindin, abin da ma'aikacin da ya tsufa a Jidda yana sabunta igama ba ya samu don kawai ya daɗe.

Akwai sharuɗɗa biyu da ba kasafai ake faɗa wa mutanenmu ba sai sun afka. Na farko, wanda ya bar ƙasar fiye da wata shida ba tare da ya nemi a tsawaita masa wa'adi ba, izininsa ya faɗi, ko da jinyar mahaifi ce ta riƙe shi a Kano ko rabon gado. Na biyu ya shafi iyali. Matar da za ta bi mijinta galibi sai ta ci jarrabawar matakin farko na Jamusanci tun tana gida, sai kuma mijin ya nuna albashi da gidan da zai ishe su. Mai mace fiye da ɗaya kuwa, doka ta ce muddin yana zaune da ɗaya a Jamus ba za a bai wa ta biyu izinin biyo shi ba, ko da an ɗaura auren a gaban shaidu kuma kotu ta ba da takarda. Magidancin da ke shirin irin wannan tafiya ya kamata ya zauna da matansa da iyayensu a yi wannan magana tun kafin ya je ofishin Shige da Fice na Farm Centre sabunta fasfo.