Burmi ba filin farautar kwabo ba ce

To, an zo wurin. Yaron nan da ke ɗora bidiyonsa a intanet yana tonon tsofaffin kuɗi a ƙasa, yanzu kuma Burmi kuke tura shi, filin yaƙin nan da ke kusa da Bajoga a jihar Gombe.

Na yi shiru a bidiyon farko. Na yi shiru a na biyu, wanda ya ɗaga anini ɗaya tilo yana kabbara yana cewa ya tono dukiyar Turawa. Na ce yaro ne, ya samu injin neman ƙarfe, bari ya yi ta yawo a bayan tsohon bariki har batirin ya mutu ya dawo gida. Amma abin da na karanta a ƙarƙashin bidiyon jiya ya tsaya mini a rai. Ya tambaya ina zai nufa nan gaba, sai ga manya da gemunsu suna rubuta masa "ka je Burmi, can ne harka take." Wani har da cewa zai biya masa kuɗin mota zuwa Bajoga. Masha Allah, sadaka mai gudana kenan. Allah ya saka da alheri, Alhaji.

Burmi maƙabarta ce. Ban san da wane yare zan faɗa muku ba. Maƙabarta ce.

Ranar 27 ga Yulin 1903 sojojin Ingila suka buɗe wa garin wuta da igwa da bindiga mai ruwan harsashi tun da hantsi har rana ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya bar Sakkwato bayan an ci ta ranar 15 ga Maris na wannan shekara, a nan ya faɗi. Su kansu Turawan da suka ƙirga gawa sun ce ta haura 600. An ce a gindin tutarsa gawa kan gawa aka tarar, don mutane sun ƙi gudu su bar shi. Magajin Keffi yana cikin waɗanda suka kwanta a wurin. Aka sare kan Sarkin Musulmi, aka ɗauki hoto, aka zagaya da shi don masu shakka su yarda ya mutu. Aka ƙone garin. Shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci harin kibiya ta kashe shi, kabarinsa yana nan. Wa ya yi wa mutum 600 wanka? Wa ya haƙa wa kowa kabarinsa ya daidaita masa alƙibla? Duk inda ka sa ƙafa a wannan fili ba ka da tabbacin ba a kan ƙirjin wani kake tsaye ba. Nan ne kuke so a je da inji da shebur da waya a kan sanda, ana "ku danna mini, ku tura wa 'yan uwa."

Kuma abin dariyar, in ma dariya ce, ko kuɗin da yake nema babu su a can. Kwabo mai huji da anini ba su fara yawo ba sai 1907, shekara huɗu bayan an mai da Burmi toka. Sule mai hoton bishiyar kwakwar manja sai 1913. Mutanen da suka bi Attahiru da wuri suke ciniki, mai hali kuma ya riƙe 'yar azurfarsa. To in injin ya yi ƙara a Burmi me ya gano? Kan kibiya. Dalmar harsashin da ya ratsa jikin mutum ya tsaya. Likkafa da linzamin dokin da aka harbe da mahayinsa. Mundayen matar da ta baro garinsu da goyo tana nufin Makka. Waɗannan ba a ƙasa kawai suke kwance ba, da yawansu tare suke da ƙashin masu su. Sai ka ture ƙashin hannu kafin ka zare munduwa. Ku faɗa mini sunan wannan aikin in ba tonon kabari ba.

Na san abin da za ku ce, don tun daren jiya ake cika mini akwati da shi.

"Ai Turawa ma suna yi." Suna yi mana. Suna cin naman alade ma, bismillah. Kuma tunda Turawan kuke so, to ku ɗauka gaba ɗaya. A Ingila akwai dokar 1996 da ta ce in ka tono abin da ya kai matsayin taska sai ka kai rahoto cikin kwana 14. Ba ka shiga gonar mutum sai da izininsa. Wurin da aka yi wa rajistar tarihi kuwa ko kunna injin ka yi ba izini ka yi laifi. Mutumin da ya tono tarin zinariyar nan a Staffordshire a 2009 bai kai ta kasuwa a buhu ba, ya kira hukuma, masana suka zo suka ƙarasa aikin, aka yi mata kuɗi sama da fam miliyan 3, shi da mai gona suka raba, kayan suna gidan tarihi kowa yana gani. Wasu biyu da suka tono tasu a Herefordshire suka ɓoye suna sayarwa a bayan fage, a 2019 kotu ta aika su gidan yari shekaru masu yawa. Wannan ɓangaren ba ya fitowa a TikTok, shi ya sa ba ku san shi ba.

"Ai tarihi yake cetowa, da ƙasa ce za ta cinye." Wannan ita ce ta fi ba ni haushi, don masu faɗinta har da waɗanda suka yi jami'a. Malam, kwanson harsashi a tafin hannunka ba komai ba ne, tagulla ce ta naira ɗari. Darajarsa tana inda ya faɗi. A Amurka akwai filin yaƙin Little Bighorn na 1876. Gobarar daji ta cinye ciyawar wurin a 1983, shekarar da ta biyo baya masana suka shiga da irin wannan injin dai da ke hannun yaronku. Bambancin shi ne duk abin da ya yi ƙara sai an kafa masa tuta, an auna, an sa a taswira kafin a taɓa shi. Da suka duba tabon da kowace bindiga ke bari a gindin kwanso, sai suka iya bin sawun bindiga guda daga inda mai ita ya fara harbi zuwa inda ya koma. Abin da ya fito ya gaskata abubuwa da dama da 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna faɗa ana ƙaryata su. Yanzu ku dawo Burmi. Kusan duk abin da aka rubuta a kan yadda ranar ta gudana daga rahoton waɗanda suka yi harbin ya fito. Ina aka girke igwa, ta wace ƙofa aka shiga, ina aka yi turnuƙu na ƙarshe, ina aka bi masu gudu aka harbe su ta baya in an yi hakan, ƙasar wurin ce kaɗai shaidar da ta rage wadda ba Bature ne ya rubuta ta ba. Yaronku zai kwashe shaidar nan a yini biyu, ya zuba a robar fenti, ya girgiza wa kyamara. Daga ranar babu masanin da zai iya mayar da ita, ko daga Jami'ar Ahmadu Bello ya zo ko daga ina. Wannan shi ne ceton?

"Gwamnati ba ta kula da wurin." Gaskiya ne, ba ta kula yadda ya kamata. To sai me? Maƙabartar unguwarku ma katangarta ta rushe tun damina biyu da suka wuce, awaki na kiwo a ciki, ban ga kun ce a shiga da shebur ba. Kuma doka tana nan ko ana aiki da ita ko ba a yi. Tun 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, dokarta ta ce ba a haƙa don neman kayan tarihi sai da izininta, wanda ya tsinci wani abu kuma ya kai rahoto cikin kwana 7. Rashin ɗan sanda a bakin hanya ba ya halatta sata.

"Talauci ne, ka bar shi ya ci abinci." Injin da ke hannunsa da wayar da yake ɗauka da ita sun fi jarin mai shayin layinmu. Na wuce wannan.

Mun ga irin wannan fim ɗin ai. A shekarun 1990 aka afka wa wuraren Nok da Kwatarkwashi, inda ake samun tsofaffin mutum-mutumin yumɓu a ƙasa, da diga, ƙauye guda ya koma ramuka, dillalai suna tsaye da kuɗi a bakin rami. A Nijar haka aka yi wa Bura. Mutum-mutumin da suka shekara dubu biyu a ƙasa suka bi jirgi, wanda ya tono ya karɓi abin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Wasu daga cikin na Nok sai ga su a gidan tarihin Louvre a Faris a shekarar 2000, har Najeriya ta ƙare da sa hannu cewa nata ne amma ta ba Faransa aro na shekara 25. Yau mu ne a Facebook muna kumfar baki a dawo mana da kayanmu, a dawo da tagullar Benin, Turawa ɓarayi ne. Da hannun hagu kuma muna tura wa yaro kuɗin mota ya je ya kwashe na Burmi. Wa kuke tsammani zai saya a ƙarshe? Kakarku?

Bari in sauke murya, don ba faɗa na zo yi da yaron ba. Shi ban ma ga laifinsa sosai ba, abin da aka tafa masa shi yake ƙarawa. Sha'awar da yake da ita abu ne mai kyau, kuma na fi son in ga matashi yana zumuɗi a kan anini da in gan shi yana zumuɗi a kan cacar ƙwallo. Aninin da ya ɗaga ɗin nan ma da ya tsaya ya dube shi da ya ga abin faɗa wa mutane. Huji a tsakiya don a zura a igiya yadda aka saba yi da wuri. Tauraro mai kusurwa shida a baya. Rubutun larabci a gaba, don Bature ya san wane rubutu mutanen nan suke karantawa. Na farkon da aka buga a 1907 da sanholo aka yi shi, bai jure ba, a 1908 aka canza ƙarfen. Akwai na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarauta kafin shekarar ta ƙare, a Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba amma a kasuwar Kurmi an sayi goro da shi. Wannan labari ne mai daɗi, kuma ba ya buƙatar shebur. Gwangwanin tsofaffi cike suke da su. An buga su da miliyoyi, shi ya sa mafi yawansu 'yan daloli kaɗan ake sayar da su a intanet, duk mai ce maka kwabo mai huji zai saya maka gida damfararka zai yi.

Amma Burmi daban ce. Waɗanda suka tsira daga ranar, ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja su suka ci gaba da tafiya gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Jikokinsu suna can har yau. Suna da waya, suna Facebook, suna jin Hausa. Ku yi tunanin ɗayansu ya buɗe waya ya ga ɗan Najeriya yana wasa da abin da aka zare daga jikin kakansa, an sa kiɗa a ƙasa. Tutar Attahiru ma da Turawa suka tafi da ita sun dawo da ita Sakkwato a 1960. Wanda ya kashe shi ya ji nauyin riƙe tutarsa, mu kuma da muke cewa namu ne za mu tone shi saboda mabiya dubu goma. Kuma kada mu manta, yawancin sojojin da suka riƙe wa Bature bindiga a ranar baƙaƙen fata ne, da Hausawa a cikinsu. Maɓallin kakin da zai tono yana murna ya samu "na Bature", wataƙila na kakan maƙwabcinsa ne. Ta kowane gefe ka tono, naka ka tono.

In kuna son Burmi, ku je. Ku yi sallama ga mutanen yankin, ku nemi mai nuna muku wurin, ku tsaya ku yi wa mamata addu'a, ku ɗauki hotonku ku dawo. Injin ya zauna a gida. Alhajin da ya yi alkawarin kuɗin mota, in da gaske kuɗin suna damunka, allon da zai faɗa wa baƙo abin da ya faru a wurin bai kai kuɗin taya ɗaya ta motarka ba.

Wai ma duk wannan son tsabar kuɗi yaushe ya same mu? A 2007 Babban Banki ya fito da tsabar kwabo 50 da naira 1 da naira 2, sababbi fil, har aka matsa wa bankuna su riƙa ba da su. Wa ya karɓa? Ko almajiri ka miƙa wa sai ya dube ka ya dube ta. Mai shagon layinmu har gobe in canjinka ya rage naira hamsin sai ya jefo maka alawa biyu ba tare da ya tambaye ka ba, ni kuma likita ya hana ni zaƙi. Na ce masa ya riƙa rubutawa in ta taru ya ba ni ashana, ya ce shi ba ya ajiye littafi.