Olsa tana warkewa, amma labarin bai iso ƙauyukanmu ba

Gwaggona da ke wani ƙauye a yankin Ringim ta fi shekara goma tana fama da abin da take kira "olsata". Ta bar yaji, ta bar tsami, watan azumi kuwa da fargaba take shigarsa. In ciwon ya motsa sai a aiki yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa, ta sha ya lafa, bayan kwana biyu ya dawo. Ranar da na ce mata, "Gwaggo, ai ana rabuwa da ciwon nan," sai ta ce, "Kai ɗan nan, olsa ai sai lallaɓawa."

Ban ga laifinta ba. Har farkon shekarun 1980 manyan likitocin duniya ma haka suka ɗauka: gyambon ciki daga damuwa ne da yawan tsamin ciki, kuma babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin wannan tsami. Wanda ya rushe wannan fahimta shi ne Barry Marshall, likitan ciki ɗan Ostareliya, tare da Robin Warren, masanin da tun 1979 yake ganin wasu lanƙwasassun ƙwayoyin cuta a naman tumbin marasa lafiya a birnin Perth. A 1982 suka samu nasarar raya ƙwayar a ɗakin gwaji, bayan an bar farantan gwajin sun ƙara kwanaki saboda hutun Ista. Ita ce yau ake kira Helicobacter pylori, wadda suka ce ita ke jawo gyambon ciki.

Ba a yarda da su nan take ba. A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu ta ƙi karɓar takardarsu a taronta. Sai a 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ke cike da ƙwayar ya shanye. Cikin 'yan kwanaki amai da warin baki suka kama shi, da aka zura masa na'urar leƙa ciki aka tarar tumbinsa ya kumbura. A 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi, a 2005 kuma aka ba mutanen biyu kyautar Nobel.

Binciken ya taɓo mu tun da wuri. A 1992 wani likita mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya wallafa cewa mafi yawan mutanen da aka gwada a yankin suna ɗauke da ita. Ba abin mamaki ba ne, domin yawanci tun yarinta ake kamuwa, kuma ta fi yaɗuwa inda ruwan sha ba shi da tsabta, gida kuma a cunkushe.

A jami'o'i ana auna darajar mai bincike da yawan waɗanda suka ambaci aikinsa a rubuce-rubucensu. Ta wannan ma'auni Marshall ya gama cin kasuwarsa. Ni dai ma'aunina shi ne abin da mai kemis a Maigatari ko Dambatta zai miƙa wa manomin da ya zo riƙe da ciki. Shekara arba'in ke nan, har yanzu abin kwantar da zafi ake miƙa masa, alhali maganin da ke tumɓuke cutar na kwana 10 zuwa 14 ne: magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu, haɗe da mai rage tsami irin su omeprazole. Abin da ya fi tayar min da hankali, manomin nan yakan haɗa da diclofenac ko ibuprofen don gajiyar noma, waɗanda su kansu suna ƙwaƙule tumbi.

Kada wani ya karanta wannan ya nufi kasuwa sayen kafso. Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba, kuma yawancin masu ɗauke da ƙwayar ba ta taɓa damunsu. Shan maganin barkatai ne ke sa ta daina jin magani. Gwaji ake fara yi, na bayan gida ko na numfashi. Wanda kuwa yake aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko yake ramewa ba dalili, babban asibiti zai nufa ba da jinkiri ba, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Abin da nake nema daga ma'aikatun lafiya na Kano da Jigawa bai fi ƙarfinsu ba: a kai kayan gwajin bayan gida ƙananan asibitocin karkara, a koya wa ma'aikatansu da masu kemis lokacin da ya kamata su tura mutum gaba, likitocin cikinmu kuma su shiga rediyo su faɗi maganar da Hausa, musamman gab da azumi. Gwaggo ta amince zan kai ta gwaji bayan an gama yankan gero, bisa sharaɗin a je da safe a dawo da ita gida kafin magariba.