Zuwa wurin mai ba da shawara ba hira ba ce kawai

Da yawa suna ɗauka cewa idan fargaba ta yi wa mutum katutu, zuwa wurin ƙwararren mai ba da shawara ɓata lokaci ne. Wai zai saurare ka ne ya ce ka kwantar da hankalinka, abin da kowa ya riga ya faɗa maka. Ba haka aikin yake ba.

Hanyar da aka fi amfani da ita, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Amurka ya assasa a shekarun 1960, horo ce da ake bi mako-mako, har da aikin gida. Mai fargaba zuciyarsa na dukan uku-uku, tafin hannunsa na zufa, numfashi na sarƙewa, sai ya yanke cewa ajali ne ya zo. Za a nuna masa cewa sinadarin adirenalin ne ke shirya jiki gudu, kuma abin yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin mintuna ya lafa da kansa. Sai ya riƙa rubuta abin da ya yi tsammani, ya gwada da abin da ya faru.

Inda aikin ya fi wuya, a ganina, shi ne daina gudu. Wanda ya ƙaurace wa taro saboda tsoro yakan samu sauƙi ranar, amma gobe tsoron ya ƙara kauri. Shi ya sa ake mayar da shi cikin mutane sannu-sannu, daga zaman minti biyar zuwa sama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ke fama da larurar fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa.